In an tsaida ka a hanya aka ce buɗe bayan mota, dole ne ko kana iya ƙi?

Ɗan Bukoki: Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ina da tambaya ga manya, musamman masu ilimin shari'a da direbobinmu na dogon zango. Kwanan nan bidiyoyin Amurka sun cika TikTok, ɗan sanda ya tsaida mutum ya ce zan duba motarka, mutumin ya sauke gilashi kaɗan ya ce ban yarda ba, kuma ɗan sandan ya haƙura ya tafi abinsa. To mu nan Nijar fa? In polis ya tsaida ni cikin Yamai ko jandarma a hanyar Doso, na miƙa parmi, kartigiris, asirans, bizit, binyat duk sun cika, sai ya ce buɗe kofur, dole ne in buɗe ko roƙona yake ina iya cewa a'a? Ba rigima nake nema ba, sani nake so.

Mai Hiace: Wa alaikumus salam. Ƙanena gwada mana, in ka hito ka zo ka ba mu labari 😂 Ni Tawa zuwa Ƙonni ni ka yi tun kana ƙaramin yaro, wani bi har Yamai, ban taɓa ganin direban da yac ce ma jandarma ban yarda ba kuma yak kwana gida shi da motarshi.

Uwar Biyu: Ni ban ma ga abin muhawara ba. Mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. In babu komai a motarka buɗe musu, minti biyar ka wuce. Ƙasar nan da halin da take ciki wa ke da lokacin jayayya da jami'in tsaro.

Ɗan Bukoki: Anti ba maganar ɓoye wani abu ba ce fa. Ɗakina ma babu komai a ciki amma ba zan so wani ya shigo ya ɗaga katifa haka kawai ba.

Ɗalibin shari'a: Bari in ɗan warware, don amsar ta danganta da wa ya tsaida ka, a ina, kuma a kan me. Kundinmu na hukunta laifi da na bin kadin laifi tun 1961 suke, daga tsarin Faransa aka ɗauko su ana yi musu gyare-gyare. A wannan tsarin bincike iri uku ne. Akwai wanda aka kama laifi da ɗuminsa, misali yanzun nan aka yi fashi aka ce ga irin motar da suka gudu da ita, ko jami'i ya hango bindiga a kan kujera, nan OPJ, wato jami'in polis ko jandarma mai ikon binciken laifi, ba ya neman izininka. Akwai wanda alƙali mai bincike ya ba da umarni a rubuce, shi ma ba shawara ake yi da kai ba. Na uku binciken share fage ne, ba a kama kowa da komai ba ana dai zargi, to a nan ne doka ta ce ba a caje gidan mutum sai da amincewarsa. Inda gizo ke saƙar shi ne wannan kariyar gida aka yi wa. Tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar bayan 26 ga Yulin 2023, shi ma alfarmar gida ya ambata. A Faransa kanta kotuna ba su ɗauki mota a matsayin gida ba sai in irin wadda aka gyara ana kwana a ciki ce.

Sai ƴan duwan, su dokarsu daban ce, ta ba su ikon duba kaya da abin hawa da mutum don neman fasa-ƙwauri, babu batun ka yarda ko ba ka yarda ba. Sannan akwai dokar ta-ɓaci, Diffa tun Fabrairun 2015, wasu sassan Tillaberi da na Tawa irin su Tasara da Tiliya tun Maris 2017. A can gidanka ma ana iya shiga dare ko rana balle mota.

Ɗan Bukoki: To ke nan a taƙaice ba mu da wani haƙƙi?

Ɗalibin shari'a: Ban ce haka ba yayana. Kontrol na takardu abu ɗaya ne, caje wani abu ne daban, kuma ba laifi ba ne ka tambaya cikin ladabi, shef lafiya, wani abu ake nema? Abin da ke laifi shi ne ƙin tsayawa in an tsaida ka, zagin jami'i a bakin aikinsa, ko sa hannu ka hana shi. Waɗannan duk suna cikin doka kuma ana ɗaure mutum a kansu. Cewa da baki ni ban so ba amma ba zan hana ku ba, wannan daban ne da rufe ƙofa ka zauna ciki irin na bidiyo.

Na Greensboro: Assalamu alaikum ƴan gida, nan dare ne amma sai na tanka don ni ina cikin ƙasar da kuke magana a kai. Gaskiya ne akwai wannan haƙƙin, gyara na huɗu na tsarin mulkinsu tun 1791 ya hana bincike babu dalili, kuma lauyoyi nan kullum suna cewa kar ka amince da bakinka don in ka ce e, duk abin da aka gani an gani ke nan ba ka da ta cewa a kotu. Amma masu bidiyo ba sa gaya muku sauran. Tun 1925 kotun ƙolinsu ta ce in ɗan sanda yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargi zai iya caje mota ba tare da takardar alƙali ba. A 1973 ta ce ba dole ba ne ya gaya maka kana da ikon ƙi, shi ya sa suke tambayar cikin wayo, ba ka damu in leƙa ba ko? A 2015 ne ta ce ba za a riƙe ka ana jan lokaci don jiran karen shinshina ba in an gama abin da aka tsaida ka dominsa. Kuma abin da ya sa ƙin yake da amfani a can shi ne alƙali yana iya watsar da shaidar da aka samo ta haramtacciyar hanya, wato ƙin naka a kotu yake aiki ba a bakin titi ba. Bayan haka, wanda ya yi nasara shi ke sa bidiyo. A 2016 a jihar Minesota an harbe wani baƙar fata Philando Castile yana zaune cikin motarsa bayan an tsaida shi, budurwarsa na gefe da ƙaramar yarinya a baya. Ni baƙi ne, harshena na baƙo ne, in aka tsaida ni hannuna biyu a kan sitiyari suke har a gama.

Uwar Biyu: Kun ji ko. Can ɗin ma da ake ta kwaikwayo.

Ajidan mai ritaya: Ƴaƴana na karanta duk abin da kuka rubuta. Ni na tsaya a shinge shekaru masu yawa kafin in aje kaki, bari in gaya muku yadda abin yake daga wancan gefen igiyar. Dare ne, ku ƙalilan ne, gari mafi kusa yana da nisa, ga mota ta taho da manyan fitilu ta haske muku ido ba ku ganin ko mutum nawa ne a ciki. Wanda ke ciki ya san shi malamin makaranta ne zai je suna, ni ban sani ba. Babu abin da ke rubuce a goshin mutum. A watan Janairun 2022 a arewacin Agadas an kama hodar iblis fiye da kilo 200 a cikin motar magajin garin Fashi, motar hukuma fa, wadda a al'ada ake ɗaga wa igiya da gaisuwa. A Maris 2021 OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, ta kama tan 17 na tabar wiwi a wani sito cikin Yamai ɗin nan, kuna jin da ƙafa aka kawo ta? A cikin watan ne kuma aka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya rana guda. Makaman da ake wannan ɓarna da su da man da ake zuba wa babura duk ta hanya suke bi, a ƙarƙashin buhun gero da bayan kujera. In kowane direba zai ce ban yarda ba a bar shi ya wuce to mu tattara shingayen mu koma gida kawai.

Shawarata, in ka doso shinge da dare rage gudu tun daga nesa, rage manyan fitilu, kunna ta cikin mota, kashe rediyo, kar ka fara lalube ƙarƙashin kujera neman takardu kafin a tambaye ka. Ka yi sallama. Rabin rigimar da na gani a rayuwata daga "ka san ko ni wane ne" take farawa.

Hajiyar Wadata: Baba Ajidan Allah ya ƙara girma, maganarka dutse ce, amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Mu ƴan kasuwa da muke kwana a hanya mun san wani caje ba na tsaro ba ne. Ni an taɓa sauke mini dila a wani shinge da ba zan faɗa ba, atamfofi da leshi a ƙasa cikin turɓaya, takardun duwan ɗina suna hannuna cikakku, mutum biyu suna caje lokaci guda ɗaya a bayan mota ɗaya a gaba wajen jakata, ni ɗaya idona biyu ne wa zan kalla wa zan bari. Sai da muka yi nisa na buɗe jakar na ga ƙullin kuɗin da na ware na ɗan dako da na mota babu shi. Wa zan kama? Ban ga hannun kowa ba, ban da shaida, in na koma a ce na yi wa jami'i ƙazafi. Tun daga ranar jakata a hammatata take, in za a duba ni ke zuge zip ɗin da hannuna, kuma in sun zo su biyu sai in ce ƴaƴana ku yi haƙuri ɗaya bayan ɗaya, tsohuwa ce ni ba na iya raba ido. Suna dariya amma suna yi.

Ajidan mai ritaya: Hajiya ban musa ba. Akwai ɓata-gari cikinmu, na yi aiki da su, wasu an kore su wasu sun yi ritaya da girmansu. Abin da kike yi shi ne daidai. Kuma jikin mace mace ce ke caje shi, in babu jami'a mace a wurin kina da ikon cewa a nemo.

Kabu-kabu Tawa: Mu da babu kofur ma ba mu tsira ba 😅 buɗe ƙarƙashin sirdi, mi ac cikin jarkar ga, mai na ko ruwa. In mai na an ce kai ɗan ruwa-ruwa na ko kana kai ma mutanen daji. Alhali gona za ni kai ma injin ban ruwa.

Mai Hiace: To bari in hwaɗa muku abin da Hajiya ta taɓo, don nan maganar take. Ku masu ƙananan motoci kuna maganar haƙƙi, mu maganar lokaci mu kai. Motata in ta tashi daga tasha kayan saman ta sun kusa kai tsawonta, buhunan albasa, katifa, kwanon ruhi, keken ɗinki, akuya wani bi, an ja tampol an ɗaure da igiya yaron mota ya yi awa guda yana ɗauri. Ka iso shinge a ce sauke duka. Shi ya san ba ka iya wa, kai ka san ya sani. In ka sauke awa biyu ta tahi, rana ta yi, mai jinya na cikin mota, masu zuwa kasuwar Badagishiri ta watse musu. To sai ka ji an ce ko dai ka ga shef. Dala ɗari, jika, ya danganta. Kuma wallahi ba ni ka hwara cewa a ba da ba, fasinjoji na ka ihu daga baya, direba ba shi abinshi mu tahi mana! Su ɗin da za su zo nan gurup su zagi cin hanci. To ku gaya mani wanga caje na ko ciniki? Kuma wanda yad ɗauko mugun abu da gaske shi aƙ ƙwararre wajen biya, shi ba ya ko gardama, jika biyar a cikin parmi ya wuce. Mai gaskiya shi ka tsayawa rantse-rantse.

Ɗan Bukoki: Wannan ita ce damuwata kawu. In caje na tsaro ne wallahi ni zan buɗe da hannuna har in riƙe musu cocila. Amma in ana amfani da shi a matsa maka ka fito da wani abu, yardar da muke yi kullum ba ita ke ƙara musu ƙarfi ba?

Uwar Biyu: To ƙin naka zai gyara su ne? Motar za a kai furiyar, inda ake tsare motocin da aka kama, ka yi kwana uku kana zarya, ka biya abin da ya ninka jikar sau nawa.

Ɗalibin shari'a: Anti a nan ni ina bayan Ɗan Bukoki kaɗan. Ba ƙin caje ne maganin ba, ƙin biya ba resi ne. In an ce ka yi laifi ka ce a rubuta maka takardar tara ka je ka biya a ba ka resi. Yana cin lokaci, na sani, kuma mai Hiace da mutum 18 a bayansa ba zai iya kullum ba, amma mu masu ƙananan motoci da babu mai jiranmu sai hira a fada ba mu da uzuri. Kuma yawan shingayen nan ba yau aka fara kuka da shi ba, tun 2005 UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, ta fitar da umarni a rage wuraren kontrol a manyan hanyoyin da ke haɗa ƙasashe, har da wata cibiya da ke ƙirga shingaye da kuɗin da ake karɓa da lokacin da ake ɓata wa manyan motoci. Matsalar tsaro ta zo ta ba kowa hujjar ƙara igiya.

Wani abu kuma da ya fi kofur muhimmanci, sa hannu. In har an ce an samu wani abu a motarka, doka ta ce a lissafa shi a rufe a buga hatimi a gabanka. PV ɗin da za a miƙo maka, wato takardar da suke rubuta bayaninka a ciki, da Faransanci yake, mutanenmu da yawa suna dangwala yatsa ba su san me aka rubuta ba, daga baya a gaban alƙali a karanto musu "na amsa kayan nawa ne". Ka ce a karanta maka a fassara maka, in abin da ke ciki ba shi ka faɗa ba kana iya ƙin sa hannu. Tsarewa a komisariya ko birgad awa 48 ce a laifi na yau da kullum, mai gabatar da ƙara na iya ƙarawa, ta ta'addanci ta fi haka tsawo nesa. Kuma dokar UEMOA ta 2014 kan aikin lauya ta ce lauya na iya tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Wanda ba shi da hali akwai hukumar ANAJJ ta taimakon shari'a.

Ustaz na Lazare: Jazakumullahu khairan. In ƙara da ta addini a taƙaice. Allah ya ce a Suratul Hujurat kada ku yi bin diddigin asirin juna, a Suratun Nur kuma ya hana shiga gidan da ba naka ba sai da izini da sallama. A Suratun Nisa'i ya yi umarni da biyayya ga majiɓinta al'amari. Malamai sun haɗa su ne da cewa hukuma na iya bincike in akwai alama ko maslahar jama'a, ba don wulaƙanci ko neman abin duniya ba. Wanda ya tsaida bayin Allah a rana don ya karɓi dala ɗari zai yi bayani, wanda ya ɓoye guba cikin buhun hatsi ya kai wa ƴaƴan mutane shi ma zai yi.

Zabiya 227: Ni tambayata waya. An taɓa tsaida mu da dare a cikin gari, bayan an duba motar kaf wani ya ce wa ƙanena buɗe salularka. Ya buɗe don tsoro, mutumin ya shiga WhatsApp yana ta gungurawa har hotunan matarsa. Wannan fa? Ni kofur ban damu ba taya ce da jak da jarkar ruwa, amma waya rayuwar mutum ce gaba ɗaya.

Ɗalibin shari'a: Waya ba ta cikin takardun mota, dokar hanya ba ta san da ita ba sai in kana latsa ta kana tuƙi. Saƙonnin mutum sirrinsa ne, shiga cikinsu aikin bincike ne na shari'a da ke da ƙa'idojinsa, ba abin da ake yi a tsaye a bakin titi don an ga dama ba. A nan ni zan ce shef ka yi haƙuri, in ana zargina da wani abu mu je ofis a rubuta. Kuma ku tuna akwai dokar laifukan intanet ta 2019, a Yunin 2024 an maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a. Wato odiyon da wani ya turo gurup kai kuma ka tura gaba ba ka ko saurara ba yana iya zame maka magana.

Na Greensboro: Maƙwabtanmu Najeriya ma cajen waya a hanya na cikin abin da ya tunzura matasa suka fito zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020. A ga yaro da iPhone a ce ɗan damfara ne.

Ajidan mai ritaya: A kan waya na yarda da ɗalibi a cikin gari. Amma kar wani ya ɗauki wannan ya je yankin ta-ɓaci da ita. A can waya ita ce ke nuna wa ke kai rahoton motsin sojoji, an sha ganin haka. In soja a hanyar Abalak ko Tiliya ya ce buɗe, ɗana buɗe, ka kai ƙararka daga baya kana da rai.

Zabiya 227: Baba a kai ƙara ina? wa zai saurare mu

Ajidan mai ritaya: Kowane jami'i yana da na gaba da shi. Ka riƙe wuri, rana, lokaci, lambar motarsu in akwai, ka je wurin kwamandan birgad ko kwamishina, in bai yi ba ka rubuta wa mai gabatar da ƙara. Ba kullum ake dacewa ba amma takarda in ta shiga fayil ɗin mutum tana binsa. Mu abin da muka fi tsoro ke nan lokacin muna aiki, ba ihun direba ba.

Uwar Biyu: Ni dai har yanzu ina kan bakata. Duk wannan dogon turancin mai abin hawa ɗaya cikin nawa zai iya? A buɗe a wuce.

Hajiyar Wadata: Ƙanwata a buɗe ɗin muke cewa mu ma, amma kina tsaye a kai. Kar ki zauna cikin mota kina danna waya wani na bayan motarki shi kaɗai. Ba don sata kawai ba, abin da ake iya ɗauka ana iya ajiyewa.

Mai Hiace: Hajiya ta kawo ni inda ni ka son zuwa. Ku bar ta jandarma, abin da ka kai direba kaso saƙo na. Wani abokin aikinmu, mutumin kirki mai ɗiya shida, wani yaz zo tasha da kwali an naɗe da salatif ko'ina yac ce maganin tsohuwarshi na, a ba wani yaro a Tawa ga lambar waya, ya biya kuɗin saƙo har da na goro. A hanya anka ce sauke wancan kwalin, anka sa wuƙa, tramol na cike. Lambar da anka ba shi an kira a kashe, mai saƙon ko sunanshi bai sani ba, ɗan kamashon da yah haɗa su ya ce bai taɓa ganin mutumin ba. To a nan yarda ko ƙin yarda mi za ta yi mai? Da ya ƙi ma sai a ce ashe ya san abin da ac ciki. Ya daɗe tsare kahin gaskiya ta hito, motar na aje tayu sun sace, mai motar ya ba wani. Ni yanzu duk wanda yak kawo saƙo sai ya buɗe shi gabana, in ɗauki hoton dantite ɗinshi, in kira lambar mai karɓa nan take in ji ta shiga. Wanda yaƙ ƙi ya ɗauki abinshi, ko surukina na.

Ɗan Bukoki: Subhanallah. Mu ma masu ƙananan motoci haka ake mana, za ka Maraɗi? don Allah ga ɗan saƙo. Kunya ba ta barin ka ce buɗe.

Kabu-kabu Tawa: Mu kullum na. Kai wanga leda unguwa kaza. Wa ka buɗe ledar mutane

Hajiyar Wadata: To Malam direba a nan kuma za mu saɓa. Ni in na ba da saƙon kaya zuwa Tawa ba zan yarda a farke mini kwali a tsakiyar tasha ƴan kamasho da ƴan dako da almajirai kowa na leƙe ya ga abin da ke ciki ba. Wani sa'in zinari ne na kayan aure a tsakiyar atamfa, wani sa'in kuɗi. Ka buɗe a nan ka gaya wa ɓarayin hanya ke nan. Manyan kamfanonin bas ai suna da gishe na saƙo da rajista da resi, ku ma sandikarku ta yi haka mana.

Mai Hiace: Hajiya kuɗɗi da zinari ni ba ni ɗauka ma sam, ki kai Nita ko Amana ki tura kuɗɗinki. Kaya kuwa ba tsakiyar tasha ni ka buɗewa ba, bayan rumfar sandika muna da wuri, ni da ke da yaron mota. Rajista mun yi maganarta a taro, an sawo littahin, wanda anka ba riƙonshi bai iya rubutun boko ba, yana nan cikin durowa.

Hajiyar Wadata: To ku ba ɗalibin nan namu aikin mana yana hutu 😂

Ɗalibin shari'a: Hajiya ni ina Yamai su suna Tawa, kilomita wajen 550. Amma kawu in kuna so zan tsara muku shafi ɗaya da Hausa, sunan mai saƙo, lambar dantite, lambar mai karɓa, abin da ke ciki, sa hannu, ku buga kwafi a aje. Ana iya yin sa da ajami ma in shi mai riƙon ya fi ganewa.

Mai Hiace: Ajamin ya hi. Turo mani ta pirebe in nuna ma shugaban layi ran Lahadi, ranar kasuwa duk muna nan. Ka sa wurin lambar mota kuma, don wani bi saƙo na canza mota a Tsarnawa.